Hatsi da Fari: Abin da Binciken Ƙwayoyin Gado Ya Gano a Jikin Gero, Dawa da Masara

A watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta amince a fara sayar wa manoma sababbin nau'o'in masara huɗu, wato SAMMAZ 72T da 73T da 74T da 75T, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar ƙarƙashin shirin TELA. An ce masarar tana kare kanta daga tsutsa, tana kuma jure fari. Tun daga lokacin muhawara ba ta lafa ba, a rediyo da kasuwannin hatsi da Facebook. Wasu sun ɗauka an samo masarar da za ta yi goyo ko sama ba ta zubo da ɗigo ba. Wasu kuma sun yi wa duk wani ingantaccen iri kuɗin goro suna kiransa GMO, har da geron SOSAT da aka daɗe ana nomawa a Jigawa da Yobe.

Bayan wannan masara akwai bincike mai faɗi na fiye da shekara 30 a kan yadda hatsi ke fama da ƙarancin ruwa a can cikin ƙwayoyin jikinsa, kuma mafi yawansa ba shi da alaƙa da GMO. Babban abin da ya fito fili shi ne jure fari dabara ce ta tattalin ruwa da daidaita lokaci, wadda ɗaruruwan ƙwayoyin gado ke haɗuwa su gudanar. Shi ya sa irin da ya ci nasara a wani fari yana iya faɗuwa a wani.

Ma'anar kalmomin da ake ta ji

Jikin kowace shuka an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A cikin kowace ɗaya akwai wani dogon zare na sinadari da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umarnin da shuka ta gada daga iyayenta. Ana rubuta wannan umarni da sinadarai huɗu da masana ke wa laƙabi da haruffan A, C, G da T. Yankin zaren da ke ɗauke da umarni guda, misali na ƙera wani furotin, shi ake kira ƙwayar gado. Furotin kuwa su ne ma'aikatan jikin shuka: wasu suna shigar da ruwa, wasu suna haɗa sukari, wasu suna isar da saƙo. Jimillar DNA ɗin shuka gaba ɗaya ita ce kundin gadonta.

Ba kowace ƙwayar gado ke aiki a kowane lokaci ba. Wasu a kashe suke har sai wani yanayi ya tashe su. Binciken da ake magana a kansa yana bin diddigin wannan ne: wace ƙwaya ce ke tashi idan ƙasa ta bushe, wa ya tashe ta, me take yi, kuma me ya bambanta ta a jikin irin da ke jurewa da irin da ke saurin mutuwa.

GMO kuwa taƙaitaccen suna ne na Turanci ga halittar da aka sauya wa gado a ɗakin bincike, galibi ta hanyar dasa mata ƙwayar gado daga wata halitta dabam. Karanta kundin gadon gero bai mai da geron GMO, domin ba a taɓa komai a jikinsa ba.

Fari kala-kala ne

Manomin Hausa ya san fari ba fuska ɗaya gare shi ba. Akwai na farkon damina, inda ruwa zai sauka a yi shuka, ko binne ya tsiro, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, yabanya ta ƙone a rairayi mai zafi, a koma neman irin sake shuka. Akwai na tsakiya, lokacin da hatsi ya yi ciki ko yake bununi. Akwai na ƙarshe, inda ruwa ke yankewa tun zangarniya ba ta cika ido ba, a girbe ƙaiƙayi maimakon tsaba.

Kowanne da ɓarnarsa. A masara, farin lokacin fure ya fi muni, domin yana jinkirta fitowar gashin goyo har ƙurar furen da ke saman kara ta gama zuba, sai goyo ya fito da gibi ko babu ƙwaya sam. Masanan cibiyar CIMMYT da ke Meziko sun yi shekaru suna zaɓen masarar da tazarar da ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu ta fi gajarta, kuma wannan hali ya zama ginshiƙin nau'o'in masara masu jure fari na Afirka.

Masana sun kasa dabarun shuka gida uku. Na farko tsere wa fari, wato ta nuna da wuri kafin ruwa ya ƙare. Na biyu kauce masa, ta hanyar zurfafa saiwa ko rage ruwan da ke fita ta ganye. Na uku haƙuri da shi, wato ƙwayoyin jiki su ci gaba da aiki ko da sun fara bushewa. Kowace dabara tana da farashinta. Irin da ke nuna da wuri ba ya cin moriyar doguwar damina. Wanda ya rufe ƙofofin ganyensa ya tsira da ruwa, amma ya rage abincin da yake haɗawa.

Abin da ke faruwa a cikin shuka idan ƙasa ta bushe

A jikin ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi. Ta nan iskar kabon ke shiga domin shuka ta haɗa sukari da hasken rana, ta nan kuma ruwa ke ficewa a matsayin tururi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ta wannan hanya yake tafiya. Gero da dawa da masara suna da wani tsarin haɗa abinci da ake kira C4, wanda ke tattara iskar kabon a cikin ganye, don haka ba sa buƙatar buɗe ƙofofin sosai kamar shinkafa da alkama masu tsarin C3. Wannan ne tushen fifikonsu a ƙasa mai zafi.

Da ƙasa ta fara bushewa, sai shuka ta yawaita wani sinadarin aike da ake kira ABA. An san da shi tun shekarun 1960, amma sai a 2009 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Jamus, suka gano furotin ɗin da ke karɓar saƙonsa. Tsarin kuwa haka yake: akwai wani furotin mai suna PP2C da ke danne wani mai suna SnRK2 muddin ruwa na wadace. Idan ABA ya iso ya haɗu da mai karɓarsa, sai su biyu su riƙe PP2C, SnRK2 ya sami sakewa, ya ba ƙwayoyin da ke gadin ƙofar ganye umarnin su saki gishirin jikinsu. Ruwa ya bi gishiri ya fita, ƙwayoyin su saki, ƙofa ta rufe. Duk wannan yana faruwa cikin mintuna.

Wuta-wuta, ko ƙuduji, ta nuna muhimmancin wannan tsari ta bayan gida. A 2019 masu bincike a Japan suka gano cewa wani PP2C na jikinta ya sauya har ba ya jin kiran ABA. Saboda haka ƙofofin ganyenta a buɗe suke ko ana tsananin fari, tana ta fitar da tururi, wannan kuma yana janyo ruwa da abinci daga saiwar dawa ko geron da ta maƙale wa. Abin da ya sa ɓarnarta ta fi tsanani a shekarar ƙarancin ruwa ke nan.

Bayan rufe ƙofa, akwai sauran aiki. Wasu furotin da ake kira DREB, waɗanda Kazuko Yamaguchi-Shinozaki da Kazuo Shinozaki suka bayyana a Japan a shekarun 1990, suna bin zaren DNA suna tayar da gomman ƙwayoyin gado a lokaci guda. Daga nan shuka ta fara tara sukari da wani sinadari mai suna furolin domin riƙe ruwa a cikin ƙwayoyinta. Ta ƙera furotin masu kare bangon ƙwaya kada ya tsage, irin waɗanda ke ba busasshiyar tsaba damar kwana shekara a ajiye ba ta mutu ba. Ta kuma fitar da sinadaran da ke kashe gubar da zafi da hasken rana ke haifarwa a ganyen da ya daina aiki.

Wasu alamun ido na iya ganinsu. Farin garin nan da ke shafar hannu idan aka riƙe karan dawa kaki ne na shuka, yana toshe ruwan da ke tsiyaya ta fatar kara da ganye, yana kuma mayar da wani ɓangare na hasken rana. Naɗewar ganye da tsakar rana aikin wasu manyan ƙwayoyi ne da ke jere a saman ganyen, waɗanda ke motsewa idan ruwa ya ragu. Akwai ma abin da makiyaya suka daɗe da sani: ƙaramar dawa ko gyauron da fari ya taɓa yana iya kashe saniya. Dalili shi ne dawa tana ƙara tara wani sinadari mai suna durin idan ta wahala, shi kuma yana rikiɗewa ya zama gubar sayanayid a cikin tumbin dabba.

Abin da gero da dawa suka koya wa masana

An kammala karanta kundin gadon shinkafa a 2005, na dawa da na masara a 2009, na alkama a 2018. Na gero ya fito a 2017, ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT, wadda hedkwatarta ke Indiya, take kuma da tasha a Sadore kusa da Yamai da ofis a Kano. An ƙirga ƙwayoyin gado sama da 38,000 a jikin gero, aka kuma lura yana da yalwar waɗanda ke ƙera kakin ganye fiye da danginsa. Wani bincike na 2018 ya nuna asalin noman gero ya faro ne a yammacin Sahara, wajen iyakar Mali da Muritaniya ta yau, ya kuma fara bazuwa a Afirka kusan shekara 4,900 da suka wuce. Har yanzu yana auratayya da danginsa na daji, kuma shibrar da manoma ke tsinta a gona 'yar wannan haɗuwa ce.

Binciken da ya fi kusa da gida an yi shi ne a Nijar. Masanan cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar sun ɗauko geron da aka tattara daga ƙauyuka a 1976, suka koma waɗannan ƙauyuka a 2003 suka sake karɓar iri, sannan suka shuka su gefe da gefe. Tsakanin shekarun biyu an sha farin 1983 zuwa 1985 da shekaru masu yawa na ƙarancin ruwa. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna manoma ba su watsar da nau'o'insu na gado ba, amma geron da kansa ya sauya: ya koma fid da kai da wuri, kansa ya ɗan gajarta, kuma wani salo na ƙwayar gado mai suna PHYC, mai alaƙa da saurin fure, ya yawaita. Manomin da ke ware kan geron da ya cika domin iri kowace kaka, shi ya yi wannan zaɓe ba tare da ya san sunan ƙwayar ba.

Lokacin fure yana da wata fuskar. Maiwa da doguwar dawa irin su farafara suna auna tsawon yini ne kafin su fid da kai. Wani bincike da aka yi a Najeriya aka wallafa a 1968 ya nuna dawar kowane yanki tana fure daidai da lokacin da damina ta saba ƙarewa a yankin, ko an shuka ta da wuri ko an makara. A 2011 aka gano babbar ƙwayar gadon da ke wannan aiki a dawa, wadda ake kira Ma1. Wannan hali garkuwa ne inda farkon damina ba shi da tabbas amma ƙarshenta sananne ne. Idan ƙarshen ma ya fara wasa, garkuwar ta zama tarko.

Sai batun tattali. Vincent Vadez da Jana Kholova, a tashar ICRISAT ta Indiya, sun gwada geron da ke jure farin ƙarshen damina da wanda ba ya jurewa. Mai juriyar ya samo asali ne daga Iniadi, wani gero mai saurin nuna na arewacin Togo da Ghana. Abin mamaki, bambancin bai bayyana lokacin fari ba, ya bayyana ne tun ƙasa na jiƙe. Mai juriya yana rage fitar da tururi da tsakar rana idan iska ta bushe, ko da akwai ruwa a gindinsa. Kamar magidanci ne da ya fara auna tsabar rumbu tun watan kaka, don kada ta ƙare masa ana tsakiyar noma. Ruwan da ya rage a ƙasa shi yake amfani da shi wajen cika ido.

Haka labarin yake a dawa. Akwai wani hali da ganye ke ci gaba da zama kore bayan fure ko ruwa ya yanke, wanda aka samo daga wata dawar Habasha aka shigar cikin layin da ake kira B35 a Texas. An gano manyan wurare huɗu a kundin gado da ke ɗauke da halin. Da Andrew Borrell da abokansa suka bi diddigi a Ostireliya, sai suka tarar sirrin yana gaban fure ne: dawar tana rage 'ya'yan gindi da faɗin ganye, ta sha ruwa kaɗan da farko. Koren ganyen ƙarshe sakamako ne kawai. Ga manomin da ke buƙatar kara domin dabbobi, wannan hali riba biyu ne, domin karan ba ya saurin faɗuwa kuma ya fi ɗanye.

A ƙarƙashin ƙasa ma an sami haske. A 2013 Yusaku Uga na Japan ya bayyana ƙwayar DRO1 a jikin wata shinkafar tudu ta Filifin mai suna Kinandang Patong, wadda ke sa saiwa ta nufi ƙasa a miƙe maimakon ta bazu a sama. Da aka shigar da ita cikin shinkafar IR64 ta hanyar aure, aka gwada a Kolombiya, sabuwar ta ba da amfani a farin da ya kusan shafe tsohuwar. A gero kuwa, masu bincike na Faransa da Senegal sun nuna a 2024 cewa saurin nutsewar saiwar farko yana da alaƙa da tsirar yabanya a farin farkon damina, suka kuma danganta shi da wata ƙwaya mai suna PgGRXC9.

Girman al'amarin ya fito a wani gwaji da aka yi a gona a Kalifoniya, inda aka riƙa ɗibar ganye da saiwar dawa kowane mako har mako 17. Rahoton 2019 ya nuna fari ya taɓa aikin fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da ke aiki a jikinta. Har ƙananan halittun da ke zaune a jikin saiwa sun sauya.

Hanyoyi uku daga ɗakin bincike zuwa gona

Hanya ta farko ita ce aure da zaɓe, tare da taimakon alamar DNA. Mai kiwon iri zai haɗa nau'o'i biyu kamar yadda aka saba, amma maimakon ya jira shekarar fari ya ga wanda ya tsira, sai ya gutsiri ganyen tsiro ya duba ko ya gaji yankin da ake nema. Ba a shigo da komai daga wata halitta ba. Ta haka aka samar da shinkafar DRR Dhan 42 a Indiya. Aure da zaɓe ne kuma ya samar da SOSAT-C88, wanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar a 2000, da geron Chakti mai saurin nuna da aka fitar a Nijar a 2018. Shirin masara mai jure fari na CIMMYT da IITA ta Ibadan, wanda ya gudana a ƙasashen Afirka 13 har zuwa 2015, ya fitar da nau'o'i fiye da 150, babu GMO ko ɗaya a ciki.

Hanya ta biyu ita ce dasa ƙwayar gado daga waje. Masarar TELA tana ɗauke da ƙwayar cspB da aka ɗauko daga wata bakteriyar ƙasa, wadda ke taimaka wa ƙwayoyin shuka su ci gaba da ƙera furotin a lokacin wahala, tare da wasu ƙwayoyi na kashe tsutsa. A Ajantina, Raquel Chan ta ɗauko ƙwayar HaHB4 daga shukar sanfulawa, aka sa a alkama. Ƙasar ta amince da alkamar HB4 a 2020, Najeriya kuma ta ba da izinin shigo da ita domin sarrafawa a 2022.

Hanya ta uku ita ce gyaran gado da fasahar CRISPR, wadda ke yanka zaren DNA a daidai wurin da ake so domin a sauya umarnin da shuka take da shi tun asali. A 2017 wani kamfanin iri na Amurka ya yi amfani da ita ya ƙara ƙarfin ƙwayar ARGOS8 a masara, ya kuma ba da rahoton ɗan ƙarin amfani a farin lokacin fure. Najeriya ta fitar da ƙa'idojin wannan fasaha a ƙarshen 2020 ta hannun hukumar NBMA, ita ce ta farko a Afirka.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Saɓani na farko tsakanin masana ne su kansu. Masu nazarin amfanin gona irin su John Passioura na Ostireliya da marigayi Abraham Blum sun daɗe suna sukar gwajin da ake yi a tukunya, inda ake hana tsiro ruwa, a sake ba shi, a ƙirga wanda ya farfaɗo. A ganinsu tsira dabam, cika rumbu dabam. Shukar da ta tsumbure tana shan ruwa kaɗan, don haka za ta daɗe a tukunya, amma ba ta da amfani a gona. An ga haka tun 1999, lokacin da aka bar ƙwayar DREB1A a kunne dare da rana: shukar ta jure fari, amma ta ƙi girma. Wani babban kamfanin iri ya gwada ƙwayoyin gado sama da 1,600 a gonakin masara, kusan kashi 1 cikin 100 kacal suka nuna alamar amfani mai ɗorewa.

Saɓani na biyu a kan GMO ne. Masu goyon baya, ciki har da gidauniyar AATF da ke jagorantar TELA, suna cewa ƙarin amfani ko kaɗan ne yana da daraja a shekarar wahala, kuma kariya daga tsutsa tana rage kuɗin feshi. Gwajin da aka wallafa kan masara mai cspB a Amurka ya nuna ƙarin kusan kashi 6 cikin 100 a matsakaicin fari. Masu adawa, irin su ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey, suna tambaya kan lafiya, da mallakar iri, da ƙarfin hukumomin sa ido. A Afirka ta Kudu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke izinin masara mai cspB a Oktoban 2024, bisa hujjar cewa hukuma ba ta bi matakin tantance tasirinta ga muhalli yadda doka ta tanada ba. Hukuncin ya shafi bin ƙa'ida ne, bai ce masarar guba ce ba.

Akwai kuma zancen cewa irin GMO ba ya tsira idan aka sake shuka shi. Nan an cakuɗa abu biyu. TELA iri ne mai aure, kuma kowane iri mai aure, GMO ne ko ba GMO ba, yana tsira a shekara ta biyu amma amfaninsa yana raguwa domin 'ya'yan sun rarrabu. Fasahar da za ta hana tsaba tsira gaba ɗaya an yi mata rajista a 1998, amma ba a taɓa sayar da ita ba. Gero irin SOSAT, ko da yake aure da zaɓe ne ya samar da shi, ba iri mai aure ba ne kamar TELA, manomi na iya ajiye irinsa na wasu shekaru.

Saɓani na uku a kan fifiko ne. Wasu masana na ganin a ƙasar Sahel rashin taki, musamman sinadarin fosfaras, ya kai ƙarancin ruwa illa, domin shukar da ba ta ƙoshi ba ba ta iya zurfafa saiwa ta kai ga ruwan da ke ƙasa. A wurinsu ramukan tassa, da rabin wata, da ɗan takin da ake sa wa a ramin shuka, suna iya ba da abin da iri kaɗai ba zai bayar ba. Masu kiwon iri ba su musa ba, sai dai suna cewa sabon iri shi ne abu mafi sauƙin kai wa manomi.

Abin da ake iya tsammani

Babu wani bincike da ke nuna za a sami hatsin da zai yi tsaba babu ruwa. Abin da ake samu shi ne rage asara a matsakaicin fari, da gajarta shekarun da ake ɗauka kafin a fitar da sabon iri. Saboda jure fari na rataye a kan ƙwayoyi masu yawa, masu kiwon iri sun fara komawa ga duba dubban alamomin DNA a lokaci guda, kwamfuta ta yi hasashen wane tsiro zai fi, maimakon farautar ƙwaya ɗaya.

Ga manomi da malamin gona, tambayar da ta dace idan aka ce iri yana jure fari ita ce: wane fari, a wace ƙasa aka gwada shi, kwana nawa yake yi, kuma me yake bayarwa a shekarar da ruwa ya wadata? Irin da aka tsara domin farin ƙarshen damina a jigawar Damagaram ba lallai ya dace da Zariya ba, inda ruwan Satumba kan sa geron da ya nuna da wuri ya yi fumfuna, tsuntsaye kuma su taru a kansa shi kaɗai.

Wani abin da binciken ya ƙara wa daraja shi ne irin gado. Iniadi da B35 da Kinandang Patong duk daga gonakin ƙananan manoma suka fito. Nau'o'i irin su zango da maiwa da kaura da masakwar firgin Borno suna ɗauke da halayen da ba a gama tantancewa ba, kuma duk wanda ya ɓace ya tafi da nasa. Wani bincike na 2020 da ya haɗa kundin gadon geron Afirka ta Yamma da hasashen yanayin 2050 ya nuna cewa yankunan da suka fi shiga haɗari za su buƙaci iri daga wurare masu nisa, sau da yawa daga ƙetaren iyaka. Wannan ya mai da batun na siyasa. ECOWAS ta kafa dokar bai ɗaya ta cinikin iri a 2008, wadda ta sauƙaƙa sayar da nau'in da wata ƙasa ta yi wa rajista a sauran ƙasashe. Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda ke riƙe da kaso mai yawa na geron gado na yankin, sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma yadda za a ci gaba da musayar iri tsakanin cibiyar INRAN ta Nijar da takwarorinta na Samaru da Maiduguri ya dogara ne a kan yarjejeniyoyin da gwamnatocin za su ƙulla nan gaba.